Wanda Ya Jiƙa Tabar Evaristo

Ranar Talata da hantsi Doña Eulalia ta fito da akwati a rungume, ta ajiye shi a kan kujerar baranda, ta buɗe murfin, ta koma gefe ta tsaya. Ba ta kira kowa ba. A Rio Manso ba sai an kira mutum ba. Kafin gahawa ta huce mun taru.

Tabar da ke ciki ta lalace. Naɗin hannu ce, dogayen kara, irin wadda mijinta Evaristo ya yi suna da ita tun daga nan har San Juan, kuma ita ce ta ƙarshe da ya naɗa kafin ƙirji ya kwantar da shi bara. Ya bar wasiyya a ajiye wa ɗansu Orestes, wanda ya haye teku tun yana saurayi, bai samu zuwa jana'iza ba, sai a ƙarshen wannan watan ake sa ran zuwansa. Ga ta nan ta kumbura, ganyen waje ya tsattsage, fumfuna kore-kore ta lulluɓe ta kamar burodin da aka manta a bayan tukunya.

Akwatin sabo ne fil, na katakon sedro, kuma kowa ya san wanda ya yi shi. Nemesio kafinta, mutumin gabas, daga can ƙarshen Kuba wajen Guantanamo. Ya fi shekara ashirin a cikinmu, shi kaɗai a ɗakin da ke bayan shagon da ƙungiyar manoma ta ba shi aro. Ƙofofinmu aikinsa ne, karkiyar shanunmu aikinsa ce. Amma baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma ranar neman mai laifi ba a tuna wanda ya gyara maka ƙofa.

Petronila, maƙwabciyar Eulalia mai kiwon zuma, ita ta fara.

"Makon jiya akwatin nan ya busar da taba har tana ƙaƙas-ƙaƙas. Yau kuma ya ruɓar da ita. Wane irin katako ne wannan? Ni dai na san mutanen gabas ba sa rasa ɗan ƙulli a aljihu."

Wani ya tuna cewa ranar da aka ba Nemesio shagon, Evaristo kaɗai ya ƙi ɗaga hannu. Wani ya ce ya ga kafintan yana zagaya bayan gidan. Kafin rana ta yi tsaka magana ta nuna: Lahadi bayan coci za a zauna a karɓe shagon. In babu shago babu ɗaki, in babu ɗaki sai hanya.

Ni Hilario ni ne mafi tsufa a ƙungiyar, da bakina ake rufe magana. Na ce wannan ba za ta rufu ba sai an ga sawu. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba harshen Petronila ne zai faɗa mana abin da ya faɗa cikinsa ba.

Na hau alfadarina na nufi gindin duwatsu, gidan Serafin.

Zamanin da muke da shanu na kirki, Serafin ne ke nemo wadda ta ɓata, shi ke bin aladun dawa har makwancinsu. Yanzu shanun sun ƙare, matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna Habana, karen ma ya bi uwar gida. Na same shi zaune a bakin ƙofa yana kallon hanyar da ba mai bi.

"Kompai Hilario, abokina, ɓata hanya ka yi?"

"Aiki na kawo maka."

"Saniyar wa?"

"Ba saniya ba ce. Taba ce."

"Taba ba ta da ƙafa."

"Wanda ya lalata ta yana da su."

Ya dube ni. Sannan ya tashi ya ɗauki malafarsa, ya ja ƙofar bai ko kulle ba.

A gidan Eulalia bai fara shiga ba. Ya zagaya a hankali, hannayensa a baya, kansa a ƙasa. A ƙofar baya, cikin jar ƙasa inda take zubar da ruwan wanke-wanke, ya nuna min sawun takalmin roba, dunduniyar hagu ta cinye. Sawun ya zo, ya tsaya, ya juya.

Da muka shiga ya ce ta mayar da akwatin inda yake zama. Ta ɗora shi a kan teburin da ke ƙarƙashin hoton bikinsu. Serafin ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya daɗe yana kallon ƙafar teburin. Kiyashi ne, layi guda siriri, daga tsagar bango zuwa sama, suna neman akwatin.

"Doña Eulalia, kiyashi na damunki a ɗakin nan?"

"A kicin dai. Nan me za su ci?"

"Da kafintan ya kawo akwatin, me ya ce miki?"

Ta gyara zama a kujera mai lilo. "Ya ce kar in sa komai. In tafasa ruwan sama in bari ya huce, in zuba a ɗan faranti, in ajiye a ciki, in rufe, in manta da shi kamar mako biyu. Wai sabon sedro ƙishirwa gare shi."

"Kin yi?"

"Ban kai rabi ba. Orestes na hanya, Serafin. So nake ya tarar da su a jere."

"Bayan kin jera fa, kin bar shi a rufe?"

Ta kalli hoton, ta kalli hannunta. "Da safe nakan buɗe. Da yamma ma. In na ɗaga murfin sai in ji kamar yanzu ya shigo daga baranda. Kai ma ai ka sani."

Serafin ya mayar da ido kan layin kiyashin.

"Sai suka fara bushewa," in ji ta. "In ka murza ɗaya a kunne sai ka ji tana kuka. Na faɗa a layin burodi, kowa ya ji."

"Sai kika ba su ruwa."

Ta tsayar da kujerar. "Ni matar mai naɗi ce. Ko a mafarki ba zan zuba wa naɗaɗɗiyar taba ruwa ba."

"In kin fita kina kulle gida?"

"Me za a sata, hoton? Kullum sai na je layin burodi, daga can in biya maƙabarta in gaishe shi. Ƙofa a jingine take."

Nemesio mun same shi yana naɗe zarto da tsumma. Rabin kayan aikinsa sun riga sun shiga buhu. Takalmin robansa na bakin ƙofa, dunduniyar hagu ta cinye.

"Ka je bayan gidan Eulalia," in ji Serafin.

"Na je. Na ji an ce tabar na bushewa, na san an yi gaggawa. Na je in ce ta kwashe su ta naɗe a ganyen ayaba, ta bar akwatin ya sha ruwansa tukuna. Ta leƙo ta taga ta ce abin da na yi ya isa. Sai na juyo."

"Ba ka shiga ba?"

Ya yi ɗan murmushi mara daɗi. Shi har yau Don yake sa wa sunan dattawanmu, lakabin girmamawa. "Don Serafin, tun da na zo garin nan ban taɓa wuce barandar kowa ba, sai in ƙofa ce ta karye."

Serafin ya ce ya nuna masa ragowar katakon. Nemesio ya sauko da shi daga saman azara. Ya ce tun guguwar da ta ɗauke rufin makaranta yake ajiye da shi, yana jiran aikin da ya dace. Serafin ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa.

"Bushe yake kamar ƙashi."

"Haka ake so," in ji Nemesio. "Ya fara sha sai ya ƙoshi. In ya ƙoshi, shi ke riƙe laimar. Ta yi yawa ya janye, ta yi kaɗan ya saki. Amma in aka ba shi taba da ƙishirwarsa, jinin tabar zai tsotse. Kuma duk buɗewa ɗaya mayar da aiki baya ne. Na faɗa mata."

Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma gaggawar Eulalia bushewa ta kawo, ba ruɓa ba. Tsakanin bushewar da ruɓar akwai hannun wani.

"Ka daina haɗa kaya," in ji ni.

"Gara in haɗa da kaina, Don Hilario, da a watso min su waje."

Washegari muka je wurin Petronila, don kiyashi zaƙi suke bi, kuma duk zumar Rio Manso daga bayan gidanta take fitowa. Muka tarar da ita tana tsince shinkafa.

"A'a, an saki tsohon karen farauta. Serafin, har yanzu hancin na aiki, ko shi ma ya yi ritaya?"

"Ya ɗan gaji, Petro. Shi ya sa na zo aron naki, tunda yana shiga ko'ina."

Ya miƙa mata ɗaya daga cikin tabar da ta ruɓe, wadda ya fasa ta tsakiya. Ta kai hanci tana yamutsa fuska, sai fuskar ta sauya.

"Zumata ce, ba musu. Amma ba ita kaɗai ba. Akwai ganyen gwaba. Akwai giyar rake." Ta sake shinshinawa. "Wannan ai ruwan gidan Evaristo ne."

Kowane gidan taba a nan yana da nasa ruwan da yake yayyafa wa ganye kafin a tara shi ya nuna, kuma ba mai faɗa wa wani abin da yake zubawa. Mace takan koya a gidan miji, ta mutu da shi a ciki.

Petronila ta ajiye faifan. "To ashe Lala ce, ita Eulalia da kanta? Ni dama na ce tun da mutumin nan ya tafi kanta ba daidai yake ba. Jiya ma na ji tana magana ita kaɗai."

"Jiya kafinta ne, yau Lala," in ji ni. "Gobe sai a ce ni ne. Riƙe bakinki sai Lahadi."

Muka fito. In ba baƙon ba ne, to gwauruwar ce, kuma wanke ɗaya shi ne tozarta ɗaya a gaban ɗan da ke hanya. Hanyarmu ta bi ta bakin rafi, inda gidan Baldomero yake, yayan Evaristo uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar mahaifiyarsu suka ɓata a kan wata 'yar siririyar gona, ba su ƙara magana ba. Ranar jana'iza a bayan shinge ya tsaya, malafa a hannu. Rayuwarsa duka a gidan tantance ganye ya yi ta, aikinsa jiƙa busasshen ganye don ya yi laushi mata su iya buɗe shi. Bai taɓa aure ba.

Yana baranda ya baza domino a tebur yana wasa shi da kansa, yana ɗaukar ƙwayoyin da yatsu ukun da suka rage masa a dama, don igiyar bijimi ta tafi da ƙaramin da na kusa da shi tun yana yaro.

"Wa ke ci, kompai Baldo?" in ji Serafin.

"Ɗayan. Kullum shi ke ci."

"Ka ji abin da ya samu tabar ƙaninka?"

"Kurma ma ya ji."

"Daga nan ana hango ƙofar Lala. Ba ka ga wani ya shiga da safe ba?"

"Ba na kallon wancan gefen. Na rantse a kan kabarin uwata ba zan taka gidan nan ba, ka tambayi Hilario, yana wurin."

"Lahadi za a kori kafinta."

Ya ajiye ƙwaya ɗaya da ƙarfi. "Ku kora, ku bari, ina ruwana."

Bai ce mu zauna ba, bai ce mu sha gahawa ba. Muka wuce.

Serafin ya ce mu koma wurin akwatin. Wannan karon ya kwashe tabar duka, ya fito da shi rana, ya buɗe murfin ya karkata shi har haske ya kwanta a jikin katakon ta ciki. Ya daɗe haka, kamar yadda na sha ganinsa yana yi a bakin rafi da sassafe in saniya ta haye.

"Zo ka ga sawu."

Ni ɗigo-ɗigo kawai na gani, launin ƙasa-ƙasa, kamar kashin ƙuda. Ya bi su da tsinke. Ashe a layi suke, daga ƙasa zuwa sama, suna bajewa. Layi biyu a nan, layi biyu a can, wasu sun hau kan wasu, wasu sun fi wasu duhu.

"Sabon katako ba ya mantuwa," in ji shi. "Duk ɗigon da ya faɗa masa ya shanye, ya bar shaida. Ba rana ɗaya aka yi wannan ba."

"Na wane ne?"

"Ka ce wa kafinta ya goge min falanki ɗaya na sedro, dogo. Ka tara min kowa ranar Lahadi. Kowa, har wanda ba ya zuwa taro."

Lahadi rumfar ƙungiya ta cika, in ana kiran tsofaffi talatin da ɗoriya cika, don matasa duk sun tafi. Nemesio ya zauna a ƙarshen benci, an bar masa fili dama da hagu. Baldomero sai da na aika sau biyu, ya zo ya tsaya a jikin ginshiƙi can baya.

Serafin ya jingine falankin da bango, ya ajiye kwano cike da ruwan da ya rina da gahawa, ya ɗora akwatin a tebur murfi a buɗe.

"Ba asiri, ba mugun katako," in ji shi. "Wani ya shiga ɗakin Doña Eulalia da safe tana waje, ya yayyafa wa tabar ruwan zuma da hannunsa, ya rufe. Ya sake dawowa, ya sake. Zaƙi da laima a rufaffen akwati, fumfuna ba ta neman fiye da haka. Abin da ya wuce tabar ya faɗa a murfi. Yanzu kowa zai tsoma hannu a kwanon nan ya yarfa wa falankin, yadda muke yi wa ganye. Doña Eulalia, ki yi haƙuri, ke za ki fara."

Ta tashi ba ta kalli kowa ba, ta tsoma, ta yarfa. Layi huɗu suka fito a katakon, kowane yatsa da nasa, ban da babban yatsa.

Nemesio ya yarfa. Huɗu.

Petronila ta naɗe hannun riga. "In aka ga biyar to zobena ne." Huɗu. Ba wanda ya yi dariya.

Haka aka yi ta yi, har ni, falankin ya cika da layi huɗu-huɗu. Serafin ya ɗaga murfin akwatin ya juya shi wajen jama'a.

"Nan biyu-biyu ne, kamar kofaton alade." Bai ɗaga murya ba. "Kompai Baldo, saura kai."

Hannun Baldomero na cikin aljihu. Ya tsaya har na ɗauka ba zai motsa ba. Sannan ya tako, mutane suna janye ƙafafu. Ya tsoma hannun, ya yarfa sau ɗaya daga wuyan hannu, yarfi mai laushi irin na wanda ya shekara arba'in yana yi. Layi biyu.

Ya goge hannun a wando.

"A layin burodi na ji ta," in ji shi, yana kallon falankin. "Na ce bari in gani da idona, in fita. Na ɗauki ɗaya na murza a kunne. Duk rayuwata ganyen da ya yi min wannan kukan ruwa nake ba shi, ya farfaɗo. Na koma gida na haɗa ruwan."

"Ruwan Evaristo," in ji Petronila. "Ina ka samu?"

"Na uwarmu ne. Ni na fara koya, shi yana goye."

Garin neman gira an rasa ido. Ganye a buɗe yake, ka jiƙa ka karkaɗe ka rataya, iska ta ɗauke saura. Naɗaɗɗiyar taba kuwa abin da ya shige ta ya shiga kenan. Baldomero ya san ganye kamar tafin hannunsa, amma bai taɓa naɗa kara ɗaya ba, wannan aikin ƙaninsa ne.

Eulalia ta yi magana daga inda take zaune. "Yana da rai ba ka tako ba, Baldo."

"Yana da rai korata zai yi."

"Kujera uku yake fitarwa baranda kullum da yamma. Mu biyu ne a gidan."



Sai Nemesio ya miƙe. Ban taɓa jin muryarsa a taro ba sai ranar. "Kuskure kowa na yi, Don Baldomero. Amma tun Talata kana jin abin da ake shirin yi min."

"Ina ji."

"To?"

"Na rantse a gaban mutane ba zan taka gidan ba. Ga shi na taka, kuma na kashe aikinsa na ƙarshe. Na ce kai baƙo ne, ko'ina ka je za ka ci abinci da hannunka."

Na rufe magana: shago na Nemesio ne, ɗaki nasa ne, ba mai sake tayar da ita. Mutane suka watse da sauri, wannan zai duba wake a wuta, wancan zai ɗaure akuya. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na Baldomero, suna tafe suna girgiza kai. A cikinsu duka Eulalia kaɗai ta tsaya a gaban kafintan, ta ce ya yafe mata. Serafin ya zubar da ruwan kwanon, ya ƙi tsayawa cin abinci, ya kama hanyar duwatsu a ƙasa.

Nemesio ya ɗauki akwatin ya tafi da shi shago. Ya kankare cikinsa har ya kai sabon nama, ya shanya a inuwa, ya sa farantin ruwa ya rufe, ya ɗaure da igiya don kar wani ya buɗe. Da lokaci ya yi ya kai wa Eulalia har baranda. Orestes ya zo ya tarar da akwati mai kyau, laimarsa daidai, ba komai a ciki. Ya yi 'yan kwanaki ya koma.

Bayan tafiyarsa da kaɗan na ga Nemesio a bakin titi da buhunsa, yana jiran motar birnin Pinar.

"Kompai, ba wanda ya kore ka."

"Na sani, Don Hilario."

"An wanke ka a gaban kowa."

"An wanke ni. Amma ina zaune a bencin nan na ƙare wa fuskoki kallo. Da ba a kawo kwanon ba, na san hannayen da za su tashi. Ba zan iya ci gaba da gyara musu ƙofa ina gaishe su ba."

Na riƙe masa buhun har motar ta tsaya.

Shagon yana nan a rufe. Baldomero ya rasu da damina, sai da Eulalia ta lura bai fito baranda ba aka shiga aka same shi. Akwatin gawarsa daga Pinar aka kawo, na ɗanyen katako, murfin ya karkace bai zauna ba. Muka tsaya a kansa mu tsofaffi, ana yayyafi, aka rasa wanda zai daidaita shi. Da igiya muka ɗaure.